Ka Ce In Riƙe Su

Zuwa ga yayana Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar ga ta iske ka lafiya, kai da iyalinka can Bauci. Allah shi ƙara lafiya, shi tsare ku. Mu nan Tambuwal lafiya lau muke. Gwaggo Atu da nika zaune wurinta ƙafarta ta yi sauƙi, har kasuwa tana zuwa da kanta. Can gida Fakku an gama yankan gero, Inna ta aiko muna da kuka da daddawa. Takarda nir rubuto don na kira ka har sau fuɗu ba ka ɗauka ba, kuma abin da ke raina ba shi jiran sai ka ga dama.

Yaya, ka cuce ni. Ka san Baba bai yarda in shiga makarantar matan ga ba sai da sharaɗi: zango guda, in na ci jarrabawa in ci gaba, in na faɗi in koma Fakku. Ka san kuma shekara biyar rabona da aji, tun da nib bar ƙaramar sakandare a Kebbe. Ran da za ka tafi ka aje min littattafai ukku, kowanne ya fi bulo nauyi: ƙamus, da na bayanin kalmomin adabin Turanci, da na tarihin marubutansu. Mi kac ce min? Ka ce in riƙe su da kyau, duk abin da nika nema shina ciki. Ai kai ɗan gidanmu na, zaure guda munka yi karatu gaban Baba. In Baba yac ce a riƙe littafi, mi shika nufi in ba hadda ba? A gidanmu littafi daga farko aka kama shi, a bi shi baƙi-baƙi har a sauke. Ni tun da nike ban taɓa ganin littafin da aka shiga ta tsakiya ba.

Sai nid ɗauki na marubutan, don shi yaf fi kauri, nic ce in fara da mai wuya. Wata biyu cur, kullum bayan asuba ina tilawa. Ina dakan fura ina bitar sunayen Turawan da ban sani ba, da shekarar da anka haife su da wadda sunka mutu. Gwaggo har gafaka tad ɗinka mishi, tana gaya ma maƙwabta ɗiyar Malam ta kusa sauka. Na sauke harafin A duka, na shiga B. Ɗan littafin labarin da Malama Khairiyya tab ba mu a aji kuwa ko buɗe shi ban yi ba. Na ɗauka babba ya haɗiye ƙarami, tunda ka ce komi shina ciki.

Ran gwaji sai ga tambayoyi duka kan ɗan littafin nan. Ban so in miƙa takarda fara ba, sai niz zuba abin da nir riƙe, shafi ukku. Malama ta tsai da ni gaban aji ta tambaye ni ina nis samo wanga abu, ni ko da murnata nif fara kawo mata da ka. Aji duka ya ɗauki dariya. Wata Fiddausi, ɗiyar wani ma'aikacin sakatariya, ta ce in na kai harafin Z za su yi min walima, jikokina su raba abinci. Yanzu duk inda nib bi Hafiza suka kirana. Bayan an tashi Malama ta zaunar da ni ta nuna min wai littattafan ga ba a karance su, dubawa aka yi. In kalma ko suna ya shige ma duhu ka buɗe harafinshi, ka gani, ka rufe, ka koma ga labarinka. Minti biyu tay yi tana nuna min. Minti biyu, Yaya! Kai da digirinka na Turanci ba ka da minti biyu?

Na'iya mai kabu-kabu ya riga ya kai labari Fakku, Baba ya aiko wai bayan Juma'a in haɗa kayana. Malama ko ta ce za ta sake min gwaji nan da mako ukku. Na ci rabin ɗan littafin, ina ganewa, inda nik kasa in duba in wuce. Ni Baba ba shi saurarena, cewa shika yi wasa nit tsaya yi a birni. Don haka ba lallashi nika so ba. Ka kira shi kafin Juma'a, ka gaya mishi da bakinka kai kab ba ni magana a dunƙule, shi bar ni in yi gwajin ga.

Ka gaida min matarka Ummu da ɗan lelena Ziyad, su ba su yi min komi ba. Gwaggo na gaishe ka, amma ta ce gafakarta ba ta yafe ba. Kuma kai da kullum kaka cika baki kai marubuci na: harafin A dai shina kaina daga farko har ƙarshe, babu Armaya'u ciki. Ka kira Baba.

Ƙanwarka da kas sa hadda,
Raihanatu