Baba Ya Kama Aski a Shagonka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ke tashi lokaci-lokaci. Inna kuwa har yau in tana rabon abinci sai ta ɗauko kwanonka, sai na tuna mata.

Maganar shagon askinka ce ta sa na rubuto. Ka san dokar kasuwa, shagon da ya daɗe a kulle ana ba wani. Shi ya sa tun da ka tafi Baba ke buɗe shi kullum da safe, ya share, ya goge madubi, ya zauna a kujerarka. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa mai shagon ya ɗan fita. Shekara ta zagayo yana faɗin haka, har telan da ke gefenku ya fara tsokanarsa, wai wannan fita taka ta kai bangon duniya.

To, makon jiya shugaban 'yan kasuwa ya kira shi, ya ce zama ba sana'a ba ne, in wata ya ƙare ba a ji ƙarar injin aski ba za a ba wani wurin. Baba ya ce ashe ƙwace za su yi. Shugaban ya ce wai babu mai ƙwace maka komai, kai Auta kai ne ka sarayar da haƙƙinka da ka bar wurin. Maganar nan ta yi wa Baba ciwo. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci, yana ta cewa ɗansa bai sarayar da komai ba, tafiya kawai ya yi.

Washegari ya ciro injinka daga akwati. Auta, Baba ya kama aski, da hannun nan nasa mai rawa! Maigidana ne ya fara ba da kansa, yanzu ko a ɗaki ba ya cire hula. Tela da mai gadi ma sun zauna an yi musu, don dai a ji injin yana ƙara, kowa ya fito yana shafa ƙeya yana godiya. Na yi dariya har na gaji, amma da na ga an riƙo shi da yamma saboda tsayuwa ta cinye gwiwar, kuka na yi.

Na roƙe shi ya bari, shago bai kai lafiyarsa ba. Sai ya tambaye ni, in shagon ya tafi me zai dawo da kai. Wallahi muna kewarka, Auta. In za ka dawo, ka faɗa mana yaushe. In kuma ba za ka dawo ba, ka gaya masa da bakinka ya zauna ya huta, ni dai ba zan iya ba.

Ka gaida Kawu da Gwaggo da yaransu. Inna da maigidana suna gaishe ka. Baba bai san na faɗa maka duk wannan ba. Shi saƙonsa, wai kada ka damu, komai yana nan yadda ka bar shi.

Taka har kullum,
Yayarka