Kukan Masu Jinyar Tsofaffi Zuwa ga Alhaji Mai Ofishi a Hayyin Ashir

Zuwa ga Alhaji, mai ofishin da ke tura mata aikin jinya a gidajen mutane, Hayyin Ashir, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da ma'aikatan ofis baki ɗaya. Ban ambaci sunanka ba saboda ina ganin girmanka, kuma ba sai na ambata ba, duk Bahaushen da ke zaune tsakanin unguwar Ashir da ta Arba wa Nus ya san ofishin da nake nufi. Ni kam ba zan ɓoye nawa ba. Sunana Habsatu, matar marigayi Malam Ilyasu, wanda ya zo karatu garin nan daga Gusau, ajali ya riske shi kafin ya kammala.

Ban manta alherinka ba. Ranar da Malam ya rasu kana cikin waɗanda suka tsaya a kan jana'izarsa. Da na gama takaba na rasa inda zan sa kaina da 'ya'ya biyu, kai ne ka ce in zo ofis akwai aiki. Ina faɗin wannan a gaban jama'a ne domin kada wani ya ce butulci ya sa na rubuta. Na rubuta ne saboda na zo ƙofarka an hana ni shiga, na kira wayarka ba a ɗauka, na aika maka da dattawa an dawo mini da "ma'alish, a yi haƙuri". Haƙurin ne ya kai ni nan.

Na farko, aikin da muke yi da abin da ake biyanmu.

Alhaji, ka san sunan aikin, amma ban tabbata ka san aikin ba. Gidan da ka fara tura ni a unguwar Ma'adi na wata tsohuwa ne mai ciwon mantuwa, ga ciwon suga, ga ƙafa ba ta ɗaukarta. Ni ke yi mata wanka, in canza mata ƙunzugu, in juya ta a gado kada gyambo ya fito mata, in yi mata allura, in ba ta abinci a baki tana tofo mini. Wata rana ta kira ni da sunan 'yarta tana shafa mini fuska, wata rana ta yi ihu wai ɓarauniya ta shigo mata ɗaki. Duk na ɗauka, domin na san ba ita ba ce, ciwo ne. A ofis an ce mini jinya kawai zan yi. Ban yi wata guda ba aka sallami mai shara aka haɗa mini, aka ƙara da wanki, aka ƙara da girkin jikoki idan sun zo. Na kawo ƙara ofis, sakatarenka ya ce mini wadda take son aiki ba ta zaɓe.

Shekaru na yi a gidan, albashina yana nan inda ka yanka shi ranar farko. Kai ma a garin nan kake, ka san yadda kuɗin ƙasar nan ya karye. Ka san farashin mai da shinkafa a da da yanzu, ka san yadda masu gidaje a Ashir suka tsawwala haya har wasunmu suka tattara suka koma Arba wa Nus, mata huɗu ɗaki ɗaya. Kuɗin mota daga can zuwa Ma'adi kaɗai ya isa ya rame albashi. Duk lokacin da muka yi maganar ƙari, amsarka ita ce masu gida ba su ƙara ba.

To, 'yar tsohuwar nan da bakinta ta gaya mini sun ƙara. Ta tarar da ni ina gyara wa mahaifiyarta farce, ta ce mini: "Ina fata ƙarin da muka yi ya rage miki nauyi, ofishinku ya ce saboda tsadar rayuwarku ne." Na ce tamam, na gode. Na rufa maka asiri a gaban baƙuwa, Alhaji, na shiga banɗaki na yi kukana. Da sunan wahalarmu aka karɓi kuɗin nan, kuma ko sisi bai iso hannunmu ba.

Da tsohuwar ta cika, a hannuna ta cika. Ni na rufe mata ido kafin 'ya'yanta su iso. Washegari aka kira ni daga ofis aka ce halas, aiki ya ƙare, in jira wani gidan. Babu kuɗin sallama, babu ko na kwanakin da zan zauna ina jira.

Na biyu, maganar Yaya Dije, kuma ita ce ainihin abin da ya tayar da mu.

Dije mutuniyar Damagaram ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma tana cikin matan farko da suka yi aiki a ƙarƙashinka tun ofishin yana shago ɗaya. Ita ta koya wa yawancinmu yadda ake ɗaga mara lafiya. Gidan da aka tura ta na ƙarshe na wani dattijo ne ƙato, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Tun makon farko ta ce wannan aikin mutum biyu ne, ko a ƙara mata mataimakiya ko a tura namiji. Aka ce mata masu gidan kuɗin mutum ɗaya suka biya. Ta ci gaba, domin tana da jikoki marayu a gida da take aika wa.

Wata safiya tana fito da shi daga wanka ƙafarsa ta zame. Da ta sake shi, da kansa ya bugi bakin baho. Ba ta sake shi ba. Ta tare shi da jikinta, suka faɗi tare, shi a sama ita a ƙasa. Dattijon ko ƙwarzane bai yi ba. Ita kuwa ta kasa tashi, sai mai gadin gidan da matarsa ne suka sauko da ita a bargo. Likita ya ce ƙashin bayanta ya taɓu, sai an yi aiki, kuma ko an yi ba za ta sake ɗaukar abu mai nauyi ba.

Ina tambayarka, Alhaji, me ofis ya yi? Dije tana kwance a asibiti, ba a ma gama ɗaukar hoton bayanta ba, aka tura wata ta maye gurbinta. Wannan na gane, mara lafiya ba ya jira. Abin da ban gane ba shi ne har yau babu wanda ya taka daga ofis ya je duba ta. An aiko mata da ragowar albashin watan, an cire kwanakin da ba ta yi ba. Kuɗin asibiti mu muka haɗa, mu da ba mu da shi, da wasu ɗalibai 'yan Nijar da suka tsakuro daga ɗan abin da ake ba su. Aikin da likita ya ce a yi har yanzu ba a yi ba. Tana kwance a kan katifa a ƙasa a Arba wa Nus, muna karɓa-karɓa wajen juya ta da kai ta banɗaki. Matar da ta ƙare ƙarfinta a jinyar iyayen wasu, yau ba ta da kuɗin da za a yi jinyarta.

Ranar da na kai mata kunu ta riƙe hannuna ta ce: "Habsatu, ba ciwon ne ya fi damuna ba. Alhaji bai ko aiko a ce sannu ba." Na so in ba ta uzuri a madadinka, na duba ban samu ba.

Na uku, wakilci.

Bayan abin da ya sami Dije muka taru wata Juma'a, mu da muka samu fita, domin hutun Juma'ar ma a gidaje da yawa ya zama sai an ga dama. Akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, akwai Hausawan Sudan. Kowace ta buɗe baki, sai muka ga ashe ciwo ɗaya ne muke ta ɓoye wa juna saboda kunya da tsoro. Wata an riƙe mata fasfo a ofis da sunan za a sabunta mata takardar zama, har yau shiru, ko titi tana tsoron fita. Wata ɗan masu gida ya addabe ta, da ta faɗa sai ita aka cire. Wata ta yi zazzaɓi aka yanke mata kuɗin kwanakin. Muka yanke shawarar mu zama ƙungiya, mu riƙa magana da baki ɗaya, aka zaɓe ni da wasu mata biyu mu zo mu same ka.

Mun zo da ladabi. Ba mu yi ihu ba, ba mu tare hanya ba, ba mu kira kowa daga waje ba. Muka zauna a benci tun hantsi har aka yi la'asar, muna jin muryarka a ciki. Daga ƙarshe sakatare ya fito ya ce Alhaji ba ya ganin taro, duk mai matsala ta zo ita kaɗai. Ai ita kaɗai ɗin muka daɗe muna zuwa, ranka ya daɗe. Mace ɗaya a gaban tebur ɗinka, da haya a wuyanta da takardar zamanta a aljihunka, me za ta iya cewa ban da "na gode"?

Tun daga ranar ba a sake tura ni gida ko ɗaya ba. Sauran biyun ma haka. Ana ɗaukar sababbin zuwa, waɗanda ba su san farashi ba, mu kuma an ce babu gurbi. Labari ya iso mini cewa a majalisa ana kirana mai tayar da fitina, har wani ya je ya ja kunnen ƙanin mijina wai ya tsawata mini. An kuma tsoratar da mata cewa mu baƙi ne, dokar ƙwadago ba ta san da masu aikin gida ba, duk wadda ta shiga ƙungiya za ta jawo wa kanta kora daga ƙasa. Ni ba lauya ba ce, ban san iyakar abin da dokar ta ce ba. Amma idan gaskiya ne doka ba ta san da mu ba, ai kai ka san da mu. Yarenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, ka san mazajenmu da suka mutu da waɗanda suka gudu. Rashin gatanmu ya kamata ya sa ka tsaya mana, sai ga shi ya zama abin da ake yi mana barazana da shi. Kuma ka fi ni sanin abin da addini ya ce game da haƙƙin wanda aka sa aiki, a gabanka ake karantawa.

Ba mu ce kada ka ci riba ba. Kai ka kafa ofis, kai kake nemo gidaje, kai kake biyan haya da ma'aikata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke roƙo:

Ka ɗauki nauyin aikin da za a yi wa Dije, ko ka tsaya masu gidan da ta ceci mahaifinsu su ɗauka, domin ba a tambaye su ba ma. Kuma ka je ka gaishe ta da ƙafarka. Wannan ba ya cin kuɗi.

Ka karɓi wakilanmu, ka zauna da mu a gaban dattawan al'umma biyu ko uku da kowa ya yarda da su, kuma kada a hukunta kowace mace don ta yi magana.

Kowace mai aiki ta san abin da masu gida ke biya da abin da ofis ke cira, a faɗa mata tun kafin ta shiga gidan. Idan an ƙara, ta gani a hannunta.

A rubuta aikin da aka ɗauke mu mu yi, da ranar hutu, da abin da za a ba mace idan mara lafiyarta ya rasu ko aka sallame ta. A ware wani abu kowane wata, daga ɓangarenka da namu, saboda ranar ciwo. Mara lafiyar da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a tura biyu.

A mayar wa kowa fasfonta.

Ni da 'yan uwana biyu a mayar da mu bakin aiki. Ina faɗin wannan a ƙarshe ba don ya fi sauƙi ba. 'Yata ta fari an dawo da ita daga makaranta saboda rashin biyan kuɗi, mai gidan haya ya fara yi mini kallon da na sani. Amma ko ba a mayar da ni ba, ba zan janye ba, kuma matan da suka aiko ni sun ƙaru, ba su ragu ba. Za mu sake zuwa ofis, tare za mu zo, kuma za mu zauna a bencin nan da ladabi har ka fito.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka karanta wannan da zuciyar da ka tsaya da ita a kan gawar mijina. Allah ya ba ka tsawon rai. Idan tsufa ya zo ya kwantar da kai, kamar yadda yake kwantar da kowa, Allah ya haɗa ka da mai jinya mai tausayi, wadda aka biya ta haƙƙinta cikakke, ba za ta ɗaga ka da ƙunci a zuciyarta ba.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Habsatu matar marigayi Malam Ilyasu,
a madadin matan da ke jinyar tsofaffi da marasa lafiya a gidaje,
Arba wa Nus, Alƙahira.