Sharaɗin Baba a Kan Kififiya

Yonezawa, 3 ga Satumba

Shigeharu ƙanina,

Zafi ya fara sauka, shinkafa ta nuna a gonaki. Ina fata kai da matarka Norie kuna lafiya.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, wadda ka ce ya rufe gida ya koma wurinka Kagoshima, can kudu mai ɗumi, kafin sanyi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in ƙara masa shayi. Washegari ya kira ni bakin tafkin bayan gida ya kafa sharaɗi: a saka kififiya a ciki. In ta yi barcinta ƙarƙashin ƙanƙara ta fito da rai a Afrilu, shi ma ba inda za shi, kuma kada a sake yi masa maganar. In ta mutu, da kansa zai haɗa kaya. Mai shekara tamanin da bakwai ke nan! Ka dai san shi, in ya faɗa ya faɗa. Ni ya bar wa zaɓen kififiyar.

Ka gaida gida.
Yayarka Fumie

Kagoshima, 12 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Baba yana cin abinci sosai.

Na amince da sharaɗin. Domin in rage miki yawo, na aiko da guda a motar kaya. Rawaya ce kyakkyawa, irin ta tsibiran kudu. Mai shago ya tabbatar mini ba ta zaɓen abinci.

Ki huta lafiya.
Shigeharu

Yonezawa, 25 ga Satumba

Shigeharu,

Sanyin safe ya fara. Muna lafiya.

Kai ko kunya ba ka ji? Na kai kyautarka wurin tsoho Kanno mai kiwon kifi, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan ko kabewar farkon sanyi ba za ta gani ba. Wa ke gaba da ku haka?" Na ce ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana nan a baho kusa da murhu, ka zo ka ɗauki abarka.

Kanno ya zaunar da ni ya yi mini karatu a kan ire-iren kififiya. Mai ja a kunne tana jure sanyi, amma an hana sayar da ita. Ta rafin dutse sai ruwa garau mai gudu, in ba haka ba fatarta ta lalace. Saura mai wari, wadda muke kamowa muna yara Inna tana korar mu. Ya ce kada in ɗauki ƙarama, kuma kada in ɗauki wadda ta tashi a ɗaki. Ya ba ni babba wadda ta yi sanyi tara a tafkinsa. Na ƙara wa namu zurfi har ƙugu, na bar laka da busasshen ganye a ƙasa. Zan ciyar da ita ta yi ƙiba, in yanke abinci in Oktoba ta raba.

Ni ma na gaji da dusar ƙanƙara, kada ka ɗauka ban gaji ba. Amma in Baba zai sha kaye, ya sha da gaskiya.

Fumie

Yonezawa, 24 ga Maris

Shige,

Dusa ta fara narkewa. Ka yi haƙuri da shiruna, na kasa riƙe alƙalami ne.

A Janairu ta yi kwana huɗu tana zuba, ƙofofin gida suka daina buɗuwa saboda nauyin rufi. Na hau da shebur. Ka san abin da ya sa kakanmu ya haƙa tafkin nan daidai ƙasan indararo: a ture dusa a ciki, ruwan maɓuɓɓuga ya narkar da ita. Shekara arba'in nan nake turawa. Hannuna ya yi aikinsa, kaina bai sani ba. Sai da na share rabin rufi na leƙa, na ga tafki ya cushe har ƙasa, ya toshe bakin ruwa. Na tona iya ƙarfina, kafin gari ya waye ya daskare kamar dutse.

Jiya na lalubo kififiyar a laka. Ta mutu. Na binne ta bayan rumbu.

Kanno ya ce nasa ba su farka ba tukuna. Baba kullum sai ya ja kujera bakin taga yana kallon ruwa. Ba sanyi ne ya kashe ta ba, ni ce. Yaya zan yi in gaya masa ni na fitar da shi daga gidan da aka haife shi?

Fumie

Kagoshima, 29 ga Maris

Yaya,

Kada ki gaya masa komai. Namu na nan sun farka. Na samo mai wari babba, gobe za ta iso gidan Kanno. Ki sake ta a tafki lokacin da yake wanka.

Ban canja ra'ayi ba, har yanzu ina so ya dawo nan. Amma ba ta hannunki ba, don na san ki, har ki mutu ba za ki yafe wa kanki ba.

Shige

Yonezawa, 11 ga Afrilu

Shigeharu,

Furanni sun kusa buɗewa. Ina lafiya.

Kififiya ta fito ranar Talata. Yayarka ta yi ta tafa hannu, ni ma na taya ta. Amma na san ba tawa ba ce. Ina bakin taga ranar da ta ture dusar, ban yi magana ba don kada ta juyo a kan rufi ta zame. Ina kallon mace mai shekara sittin da ɗaya tana tono da hannu har jini, saboda taurin kaina.

Na sha kaye a sharaɗin. Ka gyara ɗaki biyu, muna tafe a Mayu. Zan ce mata gwiwa ce ta matsa mini. Kada ka gaya mata na sani.

Mahaifinka