Ƙafata a Cikin Tasar Fada

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, ina fatan kina hutawa cikin salamarsa. Shekara huɗu ke nan da kika bar mu, amma har yau idan abu ya same ni, ke nake fara neman gaya wa. Wannan karon saura kaɗan in bar cocinmu na Jega, in bar bencin nan na uku inda kika zauna shekara da shekaru.

Kin san yadda Mako Mai Tsarki na kafin Ista yake faɗowa daidai cirar albasa. Ranar Alhamis tun safe ina gonar da muke aro a Kashin Zama, rana tana dukan ƙeyata. Da na ga lokacin sujadar Mas ya gabato, sai na wanke fuska, na ɗaura zanen zumuntar mata a kan kayan aiki, na hau mota. Ko mai ban shafa ba.

Ba na cikin mutum goma sha biyun da Fada, limamin cocinmu, zai wanke wa ƙafa. Su an sanar da su tun mako biyu, sun goge, sun shafa, wata har da lalle. Sai ɗaya bai zo ba, Katakis, mai taimaka wa Fada, ya waiga ya yafito ni. Ta yaya zan ce a'a a gaban bagade?

Inna, kin san ƙafarmu. Taki na gada, kaushi da faso duka. Fada ya durƙusa, ya zuba ruwa, ruwan tasa ya koma ja. Ya goge da tawul, ya sumbace ta kamar yadda ya yi wa kowa. Na yi kuka a wurin, kukan daɗi.

Ashe wata ta ɗauki hoton diddigena. Kafin in isa gida ya shiga zauren Wasaf na coci, washegari ya kai Fesbuk. Wani ya ce a tara wa Fada sabon tawul. Wata ta ce tayar mota ma ta fi wannan laushi. Suka raɗa mini Rahila Faso, suka yi sitika da ƙafata. Abin da ya fi ƙona ni shi ne masu biyo ni ta gefe, wai na kunyata coci, wai in ba ni da tsabta in riƙa zama a baya. Mutanen da muke karɓar Jibi Mai Tsarki layi ɗaya da su ke nan.

Ban je coci ranar Jumma'a Mai Kyau ba, karo na farko tun da na yi wayo. Na rubuta amsa mai zafi har sau uku, ina gogewa. Kin san bakina, da na aika, da wasu sun yi wata guda ba su ɗaga kai ba. Abin da ya riƙe ni shi ne abin da kike faɗa idan na dawo daga faɗa ina huci: “Rahila, sha ruwa tukun, maganar ba ta gudu.”

Ranar Asabar ƙawarki Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta sa aka ɗauki hoton ƙafarta aka tura zauren. Ta bi shi da murya: “Ku da ka dariya, ga tawa ku ƙara. Wagga ƙahwa ta kai ɗiyana makaranta, kuma da irinta uwayenku sunka ɗauko yashin ginin cocin ga.” Mata shida suka biyo ta da nasu hotunan, har da tsohuwar nan ta Maiyama. Daga nan dariyar ta ƙare a zauren.

Duk da haka na shiga kasuwa na sayi safa, da niyyar in zan je Ista to a rufe zan je. Da safiyar Lahadi na sa ƙafa ɗaya, na tsaya ina kallonta, sai haushin kaina ya kama ni. Na cire na zura silifas ɗina.

Lokacin kai baiko gaban bagade na ɗauki kwandon albasar farko da na cire bana, na bi ta tsakiyar coci a hankali, kowa yana kallon diddigen da ya riga ya sani. Ban sunkuyar da kai ba, Inna. Ina alfahari da kaina, kuma ba zan ɓoye ba.

Na san wadda ta ɗauki hoton. Ba ta ba ni haƙuri ba har yau. Da aka zo gaisuwar salama na miƙa mata hannu, ta kama tana kallon ƙasa. Ba zan yi miki ƙarya in ce na gama yafewa ba, amma na fara, kuma babu wanda zai sake sa in zauna a gida ranar Ubangiji.

Allah ya ba ki hutu madawwami, haskensa ya haskaka ki. Ya tausasa zukatan masu dariya, ya tausasa tawa ma. Ki roƙa mini, ki roƙa wa Mama Saratu tsawon kwana. Amin.

Ɗiyarki,
Rahila