Tafiretar Kwali

Zango, Kumasi
27 ga Nuwamba, 1969

Yaya Mutala,

Assalamu alaikum. Ya azumi, ya ƙafar Baba? Ka gaishe min da Inna da ƙanwata Memuna. Ni lafiya ƙalau, Gwaggo Safiatu ba ta rage ni da komai ba, takalmana ne kawai suka cinye don yawo.

Aiki dai har yanzu shiru. Ofis tara na shiga, har Bantama na je a ƙasa. Duk wanda ya duba takardata sai ya ce, "Kin iya buga tafireta?" Yaya, shekara goma a makaranta ko da yatsa ban taɓa ta ba. Kogunan Ingila na haddace, su kuwa ba mai tambaya.

Malam Sanni, mai rubuta wa mutane wasiƙa, ya tausaya ya fara koya min, sai ga dokar korar baƙi. A nan aka haife shi, amma ba shi da takardar izinin zama. Ran Talata zai hau mota zuwa Najeriya da tafiretarsa. Jiya ya ce, "Barkisu, da sun ba mu wata biyu, da kin ƙware."

Baba ya ce in ban samu aiki ba zai cire Memuna daga makaranta. Don girman Allah ka roƙe shi ya jira Babbar Sallah.

Na zana haruffan tafiretar a jikin kwali, kullum ina bugawa. Gwaggo ta ɗauka na taɓu. Yanzu ba na kuskure sosai, sai dai ba abin da ke fitowa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Barkisu