Idon Goggo Napari

Accra

Zuwa ga Goggona Napari,

Gaisuwa mai yawa, ina durƙushe daga nan. Ya ƙafar? Ya mutanen Savelugu?

Goggo, an hana ni izinin aikin! Babu abin da ban kai ofishin jakadancin nan ba: takardar sansanin hutun yaran da ya ɗauke ni aiki a ƙasarsu, shaidar 'yan sanda, ta likita, har ta koyon agajin gaggawa. Baturiyar da ke bayan gilashi ta duba duka, ta ce, "Idan hutun yara ya ƙare, za ki dawo gida?" Na sunkuyar da kai kamar yadda kika koya mini, na ce, "In Allah ya yarda." Sai kawai ta turo mini fasfona.

Mista Tetteh, wakilin sansanin, har da riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Ke 'yar arewa, me kike nema a ƙasa, kuɗinki ne ya faɗi? Ai a wurinsu wanda ya ƙi kallon ido maƙaryaci ne!" Na yi kuka a mota har wata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, ta ba ni ruwa. Dama ɗaya ta rage kafin a buɗe sansanin, in ta wuce a ba wata gurbina. Tarbiyyarki ce ta ja mini, sai ki san yadda za ki yi da ni.

'Yarki,
Suhuyini

Savelugu

Suhuyini,

Bayan gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta farkon takardarki daɗi na ji. Ban ga dalilin da za ki haye teku ki yi renon 'ya'yan wasu a daji ba, alhali makarantar da na bari tana neman malamai. Amma da na zo kan kalmar maƙaryaciya, tuwon ranar bai shiga cikina ba. Tun kina rarrafe ubanki ya miƙo mini ke, kuma ban rena maƙaryaciya ba.

Ki hau mota ki zo. Idan kika iya kallon idona, babu Baturiyar da za ta gagare ki.

Goggonki,
Napari Andani
Shugabar makaranta mai ritaya

Accra

Goggona ta kaina,

Gaisuwa da guɗa! AN BA NI! Biza tana cikin fasfo, fasfo yana cikin zani, zanin kuma na ɗaure shi tamau.

Har yanzu in na tuna zamanmu sai dariya ta kama ni. Ke a cikin ɗaki bayan gilashin taga da tabaranki, ni a waje a tsaye ƙiƙam, kina daka mini tsawa, "Ɗago kai! Za ki dawo?" Ga Baba Azindoo maƙwabcinmu yana leƙe ta katanga yana salati: "Accra ta lalata yarinyar nan, dubi yadda take zare wa Hajiya ido!"

Amma akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da kika cire tabaran kina gogewa, ranar na fara ganin idonki tun da aka haife ni. Goggo, yanar ido ta rufe na hagu, fari fat. Shi ya sa kike zuba shayi a gefen kofi kina cewa kofin ne ya karkace. Kuma da kika sake cewa "Za ki dawo?" muryarki ta yi rawa. Na gane ba gwaji kike yi ba, da gaske kike tambaya.

Yau wani dogo na tarar a bayan gilashin. Ya yi mini tambayar nan, na kafa masa ido har sai da shi ya fara ƙiftawa. Na ce, "Zan dawo. Akwai tsohuwar da ta rene ni, idonta ɗaya ya rufe, ta ɓoye wa kowa. Ni zan kai ta asibitin ido a Tamale, don duk garin babu mai iya tilasta mata sai ni." Ya yi murmushi ya ce yaran sansanin sun shiga uku da ni. Mista Tetteh kuwa cewa ya yi in rage kallon, na fara ba shi tsoro.

Ki shirya, ana rufe sansani sai asibiti, ba na son musu.

'Yarki mai ido a tsaye,
Suhuyini

Savelugu

Suhuyini,

Bayan gaisuwa. Na yi murna, na raba wa maƙwabta tubani, har Azindoo ya ci biyu.

Wato asirina kika je kika tona wa baƙo. Za mu yi maganar.

Idan kin dawo, ki durƙusa wa kowa kamar yadda aka saba, ki sunkuyar da kai a gaban manya. Ban da ni. Ni ki riƙa kallona, na ga kin fi kyau a haka.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mini da ke.

Goggonki,
Napari