Sanyi a Motar Ikrima

Zongo, Lome.

Zuwa ga ƙanena Ikrima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sanyin Kanada da duk abin ƙi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Assigame da kanta, ta ce matata Balkissa ba ta iya taya atamfa ba. Za ka yi mamakin ganin hoton rubutu maimakon muryata. Ka san Mma, duk saƙon murya da ya shiga wayata ko ya fita sai ta ce a kunna mata, boko kuwa ba ta karantawa. Maganar nan ba ta kunnenta ba ce.

Na ji saƙonka cewa shofaj ɗin motarka, na'urar ɗumama ciki, iska mai sanyi yake busowa. Da na ji ka ce ka cire kalosta, makullin ruwan injin nan, da hannunka tun lokacin zafi, ka cika lagireto da ruwan famfo, sai da na dafe kai a tsakiyar gareji. Kai Ikrima, ka ɗauki Lome ka kai Montreal? Mu nan muna cire kalosta ne don rana da cunkoson hanyar Adidogome, babu wanda ya taɓa neman ɗumi a mota. A can kuwa ita ce ke tsare ruwa har injin ya yi zafi, kuma zafin ruwan nan shi shofaj ke buso maka. Ka cire ta, injin ba zai ɗumama ba ko ka wuni kana tuƙi. Ruwan famfo kuma daskarewa zai yi ya tsaga maka injin.

To ga abin yi. Ka bar injin ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto, kada ya watso maka a fuska. Ka zubar da ruwan nan, ka sayi sabuwar kalosta ka mayar, ka zuba ruwan injin mai launi wanda ba ya daskarewa. Ka tayar da motar da murfin a buɗe har kumfa ta daina fitowa, don iskar da ta maƙale ita ma tana hana ɗumi. Sannan ka rufe, ka taɓa tiyo biyun nan da suka shige ta bayan injin zuwa cikin mota. In duka sun yi zafi, ka gama. In ɗaya zafi ɗaya sanyi, ƙaramin lagireton ciki ne ya toshe, sai a wanke shi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. A ƙarshen saƙonka ka tambaye ni, kana wata dariya, ko injin zai lalace in an bar shi a kunne har gari ya waye. Tambayar nan ta tsaya mini a rai, sai na koma na buɗa hoton da ka turo na allurar da ke nuna zafin injin. Na ga bargo a kujerar gefe. Na ga buta, da burushin haƙori a inda ake ajiye kofi, da ƙaramar tukunyar da Mma ta cusa maka a jaka ranar tafiyarka. Ni ba yaro ba ne, Ikrima. A cikin motar nan kake kwana, kuma kana ce mana ɗakinka yana da kyau.

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Ka saurare ni da kyau. In ƙanƙara ta toshe bakin salansa injin yana aiki, hayaƙin cikin mota yake komawa. Ba ya wari, ba ya sa tari, barci kawai zai ƙara maka nauyi, shi ke nan. Na daɗe ina jujjuya ko in hana ka bayanin gyaran nan, don na san in ɗumi ya samu za ka rufe gilashi ka kwanta. Na ba ka ne don ka je aiki, ban ba ka don ka kwana ba.

Na kira Kawu Oumarou, ƙanin Mma, tunda gari ɗaya kuke. Ban faɗa masa komai ba sai cewa kana neman wurin saukar kaya. Ya yi faɗa, ya ce tun zuwanka kake gudunsa kamar ya taɓa cizonka, ya ce falonsa yana nan. Na san girman kanka, ka fi son a ce ka tsaya da ƙafarka. Ka ajiye shi a but ɗin mota ka tafi. In Juma'a ta yi ban ji daga bakin Kawu cewa kana gidansa ba, wallahi zan zaunar da Mma in karanta mata takardar nan tun daga sallama.

Ka gaishe da Kawu da Anti Zeinab da yara, da bakinka, a cikin gidansu. Balkissa tana gaishe ka. Mma na shigowa yanzu ta ga ina rubutu, ta ce in tambaye ka ko tukunyarta tana yi maka amfani. Na ce mata tana yi.

Wassalam. Naka yayanka,
Sharifuddeen